An Sai Da Gida Ɗan Haya Na Ciki: Wa Ke Riƙe Da Adibas Ɗinsa?

Wanda duk ya saba ratsa lungunan Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Fadama a nan Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san rubutun nan da ake yi da jan fenti a jikin bango, da Turanci, wai wannan gida ba na sayarwa ba ne. In ka ga wannan rubutu, to akwai rigima a cikin gidan: wani daga cikin magada ya fara kawo dillalai, sauran suka tashi suka sayo fenti. Gidan da za a sayar da gaske kuwa ba a rubuta masa komai. A ofishin lauya ake gama ciniki, ko a falon wani Alhaji, kuɗi su shiga banki, sannan wata safiya baƙo ya shigo tsakar gida tare da mai awo, tef a hannu. A ranar ne 'yan haya ke jin labari. Su ne na ƙarshen ji, alhali kuɗinsu na shekara ɗaya ko biyu na aljihun wanda ya sayar.

Maganar ta shafi mutane da yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na iyalan Gana a haya suke zaune, a birane kuwa abin ya doshi rabi. Gwamnati da bakinta ta sha faɗin cewa ƙasar na da giɓin gidaje kimanin miliyan 1.8. A zango ba ma buƙatar ƙidaya. Gida ɗaya, ɗaki goma sha biyu ko ashirin, famfo ɗaya, mita ɗaya ko biyu, kowane ɗaki da iyalinsa. In aka sayar da irin wannan gida, mutum arba'in ko hamsin ne za su nemi wurin kwana.

Bari in fara da yi wa masu sayarwa adalci, don a unguwa an fi son a zage su. Yawancin manyan gidajen zango kakanni ne suka gina su, fataken goro da dillalan shanu da mahauta, a zamanin da maigida ke saukar da baƙo ya ba shi ɗaki ya kuma tsaya masa a kasuwa. Yau jikoki talatin ne ke da haƙƙi a gidan. Kwano ya ruɓe, bango ya tsage, babu mai gyara saboda ba na mutum ɗaya ba ne. Rabin ɗakunan 'yan'uwa ne a ciki ba sa biyan ko sisi, sauran kuma wani ƙane ko babban wa ne ke karɓar hayar, shekara da shekaru ba lissafi. 'Ya'ya mata da suka yi aure suka bar gidan, da gwauruwar da aka bari da marayu, sau da yawa ba su da wata hanyar ganin rabonsu in ba an sayar an raba kuɗi ba. Ga shi kuma ƙasar ta yi daraja. Nima tana maƙwabtaka da Kanda, ba ta da nisa da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi, kuma tun da gwamnatin Akufo-Addo ta yi maganar sake gina Nima da Mamobi a 2019 masu kuɗi suka ƙara sa ido, ko da yake aikin bai tabbata ba. Wanda ya gaji ɗaki ɗaya da rabi a tsohon gida, aka ce masa rabonsa zai saya masa fuloti a Amasaman har ya aza harsashi, ban ga laifinsa ba in ya ce a sayar.

Laifin yana wajen yadda ake yi da mutanen da ke ciki.

Dokar da ke tsakanin maigida da ɗan haya a Gana ita ce Dokar Haya ta 1963, wadda lauyoyi ke kira Act 220. Ta tsufa, kowa ya sani, amma tana nan da ranta. Sashe na 17 nata ya lissafa dalilan da kotu za ta iya dogara da su ta ba maigida izinin karɓe ɗakinsa. Akwai rashin biyan haya har wata guda ya wuce bayan lokacin biya, akwai saɓa sharaɗin zama, damun maƙwabta, aikata haram a ɗakin, lalata gini, da buƙatar maigida ya zauna da kansa ko ya zaunar da iyalinsa. Ka karanta sashen daga sama har ƙasa, ba za ka ga “na sayar da gidana” a ciki ba. Sayarwa ita kaɗai ba ta kashe haya. Wanda ya saya ya zama sabon maigida, ya gaji gini, ya gaji 'yan haya, ya gaji alƙawarin da tsohon maigida ya ɗauka. Kotunan ƙasar nan sun daɗe a kan haka. Tun 1979, a shari'ar Boateng da Dwinfour, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa wanda ya sayi gida yana ganin mutum a ciki, ana ɗaukarsa ya san haƙƙin wannan mutumin, tunda mai saye mai hankali zai tsaya ya tambaya. “Ni ban sani ba” ba ta fid da shi.

Kuma fitar da mutum aikin kotu ne. Ofishin Rent Control yana sauraron ƙara, yana sasantawa, yana iya miƙa magana gaban majistare, amma maigida, tsoho ko sabo, ba shi da ikon ya watso kayan mutum waje da hannunsa. Dabarun da muka sani, cire kwano da damina, yanke wuta, kulle banɗaki, kawo ƙattai su tsaya a ƙofa, dokar ta ɗauki irin wannan matsi don a tilasta wa ɗan haya tashi a matsayin laifi.

To in doka ta fito fili haka, me ya sa kullum ɗan haya ne a ƙasa?

Amsar farko adibas. Sashe na 25 na wannan doka ya hana maigida neman kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba. Ka je ka nemi ɗaki a Madina ko Ashaiman da kuɗin wata shida ka ga irin kallon da za a yi maka. Shekara biyu ake cewa, in an tausaya maka shekara ɗaya. Tunda abin da ake karɓa ya saɓa doka, wasu masu gida ba sa son rubuta shi yadda yake, ɗan haya kuma da ya sha wuyar nema ba ya son ya ɓata ciniki da neman takarda. A zango akwai ƙarin kunya: maigidan abokin babanka ne, sahu ɗaya kuke sallah, ta yaya za ka ce ya ba ka rasit? Sai a ƙirga kuɗi a zaure, a yi fatiha, a watse. Ranar da ya rasu ko ya sayar, shaidarka ta tafi tare da shi.

Mu yi lissafi da misali, don a ga inda ciwon yake. A ce mutum ya kama ɗaki a kan sidi 400 a wata, ya biya shekara biyu, sidi 9,600. Bayan wata takwas aka sayar da gidan. Saura wata goma sha shida, wato sidi 6,400 na kuɗinsa da bai ci ba. A ce an yi masa kirki, an mayar masa da su cif. Ya fita nema, ya tarar irin ɗakin yanzu 600 ne, kuma shekara biyu ake so: 14,400. Ejan zai karɓi kashi goma cikin ɗari, 1,440, ban da kuɗin yawo da ake ba shi kafin ya nuna maka ko ƙofa. Jimla 15,840, shi kuwa 6,400 ke hannunsa. Sai ya nemo 9,440 cikin 'yan makonni, mutumin da watakila bai gama biyan bashin adibas na farko ba. Wanda ya tuna Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ya san kuɗin da ka biya bara in an dawo maka da su bana sunansu kawai ya dawo. Shi ya sa nake ganin “za mu mayar maka da canjinka” ba alheri ba ne da ɗan haya zai durƙusa ya yi godiya a kai. Abin da ya saya zama ne na wata ashirin da huɗu, kuma yana da ikon ya ce zaman yake so. In sabon maigida na gaggawar ɗakin, sai su zauna a yi ciniki, a ƙara masa abin da zai kama wani wuri da kuɗin motar kaya.

Wannan fa in an mayar ke nan. Abin da ya fi yawa shi ne a yi ta jifa da shi kamar ƙwallo. Mai saye ya ce ni ban karɓi kuɗinka ba, je ka wajen wanda ka ba. Mai sayarwa ya riga ya raba kuɗi da 'yan'uwansa, ya koma Kasoa ko ya tafi Umra, wayarsa a kashe. A nan mai saye ne ya yi sakaci, kuma shi ya kamata ya ɗauki asarar. Kafin ya biya ko sidi ɗaya, aikinsa ne ya bi ɗaki ɗaki ya tambaya: wa ke nan, nawa ya biya, yaushe kuɗinsa za su ƙare? Sai a tara jimlar adibas da ba a ci ba a cire daga kuɗin gidan, a rubuta a takardar ciniki. Gida mai ɗaki goma sha biyu, in kowane ɗaki na da sauran shekara guda, mai saye zai yi shekara bai ga haya ba. Wannan kuɗi ne, kuma a teburin ciniki ake maganarsa. Dillalai ba sa son a tayar da ita saboda tana rage farashi, ladansu kuma daga farashi yake fita.

Kada ɗan haya ya ɗauka doka ta ba shi ɗakin har abada. Idan wa'adin da ya biya ya cika, sabon maigida na da ƙofofi a buɗe. Yana iya zuwa kotu ya ce yana buƙatar wurin don zaman kansa ko iyalinsa. Yana iya cewa zai yi kasuwancinsa a ciki, ko zai rushe ya sake gini, kuma a irin waɗannan ana neman ya ba da notis na wata shida a rubuce. Mafi yawan masu sayen gidajen zango da ke bakin titi ba ɗakunan suke so ba, ƙasar suke so, su rushe su tayar da bene, shaguna a ƙasa, ɗakuna masu banɗaki a ciki a sama. Don haka ƙarshenta tashi za a yi. Abin da doka ta ba ɗan haya lokaci ne da tsari, kuma wanda ya taɓa neman ɗaki da mata da yara huɗu ya san bambancin wata shida da mako biyu. “Wata uku” ɗin nan da ake yawan faɗa a unguwa, wai da an ba ka shi magana ta ƙare, ba ya shafe sauran adibas ɗinka. Lokacin neman wuri daban, kuɗin da ka biya daban.

Rashin takarda ma ba ya nufin ba ka da komai. Dokar Filaye ta 2020, Act 1036, ta yarda da hayar da ba ta wuce shekara uku ba ko da da baki aka ƙulla ta. Wahalar tana wajen tabbatarwa. Saƙon Momo da ya nuna ranar da ka tura kuɗi da sunan wanda ya karɓa, katin haya, saƙon WhatsApp, mutum biyu da aka ƙirga kuɗin a gabansu, duk suna da amfani a gaban jami'in Rent Control. Ba da rasit kuwa wajibi ne a kan maigida, doka ce ta ɗora masa. Wanda bai taɓa karɓa ba, ya nema yau tun maigidan na da rai kuma ana ga maciji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mu da muke ji da fiƙihu muke yin kamar babu maganar a littattafanmu. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a ciki, haya ta wa'adi sananne ƙulli ne mai ɗaurewa. Sayar da gida ba ya warware ta, mutuwar maigida ma ba ta warware ta. Mai saye zai jira wa'adi ya cika, in kuma an ɓoye masa cewa akwai haya a kai, yana da zaɓin ya fasa cinikin. Ka ga a nan dokar Gana da fiƙihu hanya ɗaya suka bi. Haka kuma kowane ɗalibi ya san ba a raba gado sai an fid da bashi da wasiyya, Suratun Nisa'i ta maimaita wannan. To in magada sun ce lalle 'yan haya su tashi don a miƙa gida babu kowa, sauran adibas da mamaci ya karɓa mene ne in ba bashi ba? Na sha jin ana lissafin rabon gado, a ambaci bashin mai shago, a ambaci kuɗin asibiti, a ambaci na likkafani, amma da wuya ka ji malamin da ke rabo ya ce a kira 'yan haya a ji nawa kowa ke bi. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin minti biyar. Da ofishin Babban Limamin Ƙasa da majalisun sarakunan zango za su sa ta cikin abin da ake tambaya duk lokacin da za a raba gida, da an rage ƙararrakin da ke zuwa ƙofar sarki da dare.

Akwai kuma masu cewa ai ɗan haya ne ya fi cancanta a fara yi wa tayi. Shuf'a a wajen Malikiyya ta abokin tarayya ce a cikin mallaka, ko maƙwabci bai samu ba sai a wajen Hanafiyya, balle ɗan haya. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin a gida, ya binne iyayen magadan tare da su, in an sanar da shi kafin dillali ba a yi asarar komai ba. Wani lokaci ɗansa da ke Jamus ko Amurka zai iya saye.

Su ma masu saye su yi hattara da wani ramin. Gidan gado ba a sayensa daga hannun wanda ya fi kowa baki a gidan. Sai an ga takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, da takardar da ta miƙa gidan ga magada, sannan a bincika a Hukumar Filaye. Yawancin filayen zango asalinsu na iyalan Ga ne ko na kujerun sarautar Asante, abin da ke hannun mai gida sau da yawa hayar ƙasa ce ta shekaru, sai a duba nawa suka rage. Dokar 2020 ta ƙara da cewa gidan da aka saya a cikin zaman aure ba a sayar da shi sai da yardar miji ko mata a rubuce. In ciniki ya lalace a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan haya ne ke shiga tsaka mai wuya: mutum biyu kowa na cewa ni za ka biya. A irin wannan hali kada ya biya kowa a ɓoye. Ya kai maganar Rent Control a rubuta, a gaya masa inda zai ajiye kuɗin.

Ta ɓangaren gwamnati, abin da aka yi bai kai girman matsalar ba. A Janairun 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da shirin tallafin haya na ƙasa da sidi miliyan 30, inda ake biya wa mutum adibas shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Tunanin mai kyau ne, sai dai ana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, wanda mai sayar da waakye ko ɗan okada ba lalle ya iya kawowa ba. Kuma raba miliyan 30 da irin 14,400 na misalinmu, ɗaki dubu biyu da 'yan kai ke nan a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 30. Ƙudirin sabuwar dokar haya ya shiga majalisa a 2023, majalisar ta cika wa'adinta a Janairun 2025 ba a zartar da shi ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen, a kan watannin adibas ake tsayawa, shida ne ko shekara. Wata shidan da ke rubuce tun tuni wa ya bi?

Ni abin da nake so 'yan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas, Ayawaso ta Arewa da Asawase su nema a saka, ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗin gwamnati. A wajabta wa mai sayarwa ya sanar da kowane ɗan haya a rubuce kafin a sa hannu. A wajabta jerin sunayen 'yan haya, da abin da kowa ya biya da ranar ƙarewarsa, ya zama cikin takardun ciniki, kowane ɗan haya ya sa hannu ko ya dangwala a gaban sunansa. Hukumar Filaye kuma ta ƙi yi wa cinikin rajista in babu wannan jeri. Lauyoyin da ke rubuta takardun manyan gidaje a East Legon da Cantonments sun saba yin irin wannan don kare mai saye, ba sabon abu ba ne.

Masu shaguna kuwa nasu ya fi na masu ɗaki zafi. Tela ko mai kemis da ke bakin titin Nima ya biya adibas na shekara biyar, wani goma, ya sa tayil da ƙofar ƙarfe da kuɗinsa, ya yi shekaru yana tara masu saye. In aka tashe shi zuwa Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, zai samu shago, amma mutanen da suka san ƙofarsa ba za su bi shi cikin cunkoson hanyar Malam ba. Hayar da ta wuce shekara uku kuma doka na son ta a rubuce, don haka duk mai shagon da ya ba da kuɗin shekara biyar a kan fatiha kawai, makon nan ya kamata ya nemi lauya a rubuta, maigida ya sa hannu, shaidu biyu su sa nasu.